Wahabu da Kejin Kanarin Hajiya

A unguwar Aboabo, idan ka tambayi gidan Wahabu mai gyaran tocila, ba kowa zai gane ba. Amma ka ce Injiniya, ko mai tallar koko za ta nuna maka lungun. Shi ya raɗa wa kansa sunan, bayan ya yi mako uku yana miƙa wa wani mai haɗa tagogi guduma a Suame Magazin, unguwar makanikai da maƙera, kafin a sallame shi ranar da ya kafa taga a kife. Tun daga nan ba ya fita sai da fensir a bayan kunne da tef ɗin awo a ƙugu, ko da kuwa masallaci za shi.

Shi da matarsa Rahama da 'yarsu Sala suna haya a gidan Hajiya Mubarika. Hajiya mace ce mai kirki da saurin fushi, kuma babu abin da take ji da shi kamar tsuntsayen da marigayi mijinta ya bar mata: kanari goma sha ɗaya da wani tsohon aku mai mugun hali. A baranda suke rataye, kowanne cikin ɗan kejinsa na kara. Wata safiya kyanwar maƙwabta ta haura ta rage su zuwa goma. A makon ne kuma 'yar Hajiya ta haihu, aka sa suna ranar Lahadi. Hajiya ta ce ba za ta ƙara barin tsuntsayen Alhaji a waje ba, babban keji take so a cikin falo, a gama kafin baƙi su zo.

Ta aika aka kira Boukari mai walda. Ya shiga falon, ya duba, ya fito tsakar gida yana yi mata bayani.

"Hajiya, kanari ba sama yake tashi ba, gefe da gefe yake yi. Keji mai faɗi za a yi, ba dogo ba. Waya kuma mai ƙananan idanu, wadda ƙaramin yatsa ba zai wuce ba. A sa faranti a ƙasa don kashi, a nesanta shi da fanka da hayaƙin kicin. Fenti kuwa kada a kusanto da shi, warin yana kashe su. Kwana huɗu na gama."

Wahabu yana bakin famfo yana wanke ƙafa. Sai ya yi wata dariya mai ƙarfi, don a tabbatar an ji shi.

"Akwati ke nan zai yi miki, Hajiya. Akwatin kaji."

Boukari ya juyo. "Kai kuma fa?"

"Ni ba keji nake yi ba, masauki nake ginawa. Hawa uku. Ruwa ya zubo da kansa, ƙofa ta buɗe da kanta. Matan unguwar Asokore Mampong su shigo su ga abin da ko a Dubai sai gidan wane da wane."

"Ka taɓa zuwa Dubai?"

"Ina ganinta a waya kullum."

Hajiya dai ƙofa mai buɗe kanta ce ta shiga ranta. Ta ce, "Wahabu, ka tabbata?"

"Hajiya, in ban gama ranar Asabar ba, ki cire min Injiniya daga sunana."

Daga ƙarƙashin matakala, inda Baba Gariba, tsohon direban tirela, yake zama da rediyonsa, aka ji murya. "Wa ya sa maka shi da za a cire?"

Boukari ya ce shi ba ya jayayya a kan aiki. Ya ma ara wa Wahabu ƙaramin injin waldarsa, ya tafi yana murmushi.

Da Rahama ta ji labari, sai da ludayi ya faɗi daga hannunta. Ita wake da shinkafa take sayarwa a kan tebur a bakin titi, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Wata uku ke nan tana lallaɓa Hajiya ta ba ta shagon ƙofar gida da ya zama babu kowa, ga wasu mutum biyu su ma suna nema.

"Baban Sala, ka rufa min asiri. Saura kaɗan ta amince."

"Ai saboda shagon nake yi. Ranar Lahadi da kanta za ta kawo miki makulli har ɗaki."

"Ka taɓa yin walda?"

"Na tsaya kusa da masu yi."

Washegari ya shiga falon Hajiya don awo. Tef ɗinsa ya maƙale a inci goma sha huɗu, ya ja ya ja ya ƙi. Bai damu ba. Ya auna bango da taku, ya auna tsayi da gora, ya rubuta komai a bayan kwalin maganin sauro. Abu ɗaya ne bai auna ba, shi ma ta cikinsa ya shiga ya fita sau shida.

Da azahar aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dako, ta tsaya a ƙofar gida tana nishi. Aka sauke rodi irin na tagar banki, da naɗin waya mai manyan idanu. Baba Gariba ya taso da sandarsa, ya tsuguna, ya zura hannunsa cikin idon wayar har wuyan hannu, ya kaɗa yatsu ta ɗaya gefen.

"Injiniya, tunkiya Hajiya za ta kiwata?"

"Baba, tsuntsu yana bukatar iska."

"Zai same ta. Har garin Tamale zai je ya sha."

"Ba ka gane ba. Tsuntsun da aka ba wa wuri mai kyau ba ya guduwa. Ina za shi? Me ya fi wannan?"

Ya baje kaya a tsakar gida ya fara walda. Boukari ya haɗo masa da garkuwar fuska, amma ya ce wannan ta 'yan koyo ce, ya sa baƙin gilashin da ya saya a kasuwar Kejetia. Tartsatsin farko ya huda zanen wata maƙwabciya da ke shanya. Na biyu ya sa akuyar gidan ta tsinke igiya. Kafin la'asar wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke sau huɗu, masu firji suka fito suna salati. Da gari ya waye idanunsa sun yi ja sun kumbura, hawaye na zuba, Rahama na ɗora masa tsumma mai sanyi.

"Wannan alamar aiki ya shiga jiki ce," in ji shi.

"Alamar ka bari ce," in ji ta.

Ranar Juma'a abu ya tashi tsaye. Ya fi mutum tsawo da kamu biyu, ga wata hasumiya a sama wadda ya ce ta aku ce. Mutanen lungu suka riƙa leƙowa. Wata ta ce ofishin 'yan sanda ake buɗewa, wani ya ce ai zaki Hajiya ta yi oda daga arewa. Wahabu ya tsaya gefe, hannu a ƙugu, yana amsa gaisuwa.

Ya tara majiya ƙarfi shida daga masu jiran lodi a bakin titi. Aka ɗaga, aka yi kabbara, aka nufi falo. Keji ya daki bakin ƙofa, ƙarar ta kai har masallaci.

"A karkata shi!"

Aka karkata. Ya ƙi.

"A kwantar!"

Aka kwantar. Hasumiya ta kwashe tukunyar fulawar Hajiya.

"A juyo da gindin!"

Ɗaya daga cikin masu ɗaukar ya sauke nasa gefen, yana haki. "Maigida, ko ka juya shi sau ɗari, wannan abu ya fi ƙofar nan da taku guda."

Wahabu ya ja da baya, ya ƙanƙance jajayen idanunsa, ya daɗe yana nazari. Sannan ya ce, "Wanda ya gina gidan nan bai iya aiki ba. Ƙofar ta yi kaɗan."

"Alhaji ne ya gina da hannunsa," in ji Hajiya daga baranda, muryarta a sanyaye, irin sanyin da 'yan haya suka sani.

"Allah ya jiƙansa, ƙofa ce mai kyau ƙwarai. Kejin ne ya ɗan yi albarka."

Ya cire ƙyauren. Bai isa ba. Ya ɗauko kurfi da guduma zai fasa bango, Hajiya ta sauko da muciya a hannu, ya mayar da su aljihu. Ƙarshe da zarto ya raba kejin biyu, aka shiga da shi gunduwa-gunduwa, ya ja injin walda har tsakiyar falo. Don kada a ce haɗin bai yi ƙarfi ba, ko'ina sai ya bi shi sau uku, ƙarfe kan ƙarfe, har gaɓoɓin suka yi ƙulu-ƙulu kamar rogo. Labule ɗaya ya tafi a wannan aiki. Ya jawo kabad ya rufe wurin.

Asabar ya ƙarasa abubuwan mamaki. Ya ɗora bokiti cike da ruwa a saman keji, da siririn tiyo mai ɗiga cikin kwano. Ƙofa kuwa ta ƙarfe ce mai nauyi, tana hawa tana sauka cikin kwararo biyu. Ya ɗaura mata igiyar shanya, ya bi da ita ta ƙugiyar da ke jikin silin, dab da fanka, ya sauko da ita bayan kujera, inda zai riƙa ja a ɓoye. Da yamma ya shafe komai da fenti ruwan zinariya.

Rahama ta leƙo, ta toshe hanci. "Ba an ce ban da fenti ba?"

"Boukari ne ya ce. Shi bai san ado ba."

"Zai bushe kafin gobe?"

"An rubuta a gwangwanin, mai saurin bushewa."

Rahama ta juya ta fita. Ta dai bi baranda ta duba tsofaffin kejin kara da ya ce a kai bola bayan an juye tsuntsayen, ta ce ita za ta kai da kanta.

Lahadi da safe aka raɗa suna, aka ci aka sha. Da rana mata suka cika gida, daga Bantama, daga Asokore Mampong, leshi fari fat, ɗaurin kai kamar za su taɓa silin. Babu wuta tun hantsi, falon ya yi zafi, kowa na fifita da abin da ya samu. Keji na tsaye a lulluɓe da zannuwan gado uku. Wahabu ya shigo cikin farar babbar riga, fensir a bayan kunne, ya yi gyaran murya.

"Iyayena mata, abin da za ku gani yau, ku riƙe wayoyinku da kyau. A ɗauka, amma kada a kwaikwaya ba da izini ba."

Ya fizge zanen. Biyu suka taho. Na uku ya manne da fenti, sai da ya sa ƙafa ya ja, ya bar rabin furanninsa a jikin hasumiya. Duk da haka mata suka yi guɗa, don abin ya yi ƙyalli. Hajiya ta gyara zama, ta ɗan saki fuska.

Ya matsa bayan kujera, ya ce, "Buɗe!" Ƙofa ta hau sama tana ƙara. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah!" Wata ta ce, "Ga igiya can a hannunsa." Ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaure igiyar a ƙafar kujera.

Aka miƙo masa tsuntsaye. Ya shiga ciki da kansa, ya fara da aku, wanda ya hau sanda ya juya wa jama'a baya. Sannan ya riƙa buɗe kejin kara ɗaya bayan ɗaya yana sakin kanari. Rahama na karɓar kowane keji da ya zama fanko tana turawa bayan ƙofa. Kanari goma suka jeru a kan sanda, rawaya shar, suna kallon sabon gida.

"Kun gani?" in ji Wahabu. "Ko ɗaya ya motsa? Tsuntsu ya san daraja."

Na farko ya karkata kai, ya dubi idon waya, ya bi ta ciki ko fiffikensa bai taɓa ba. Ya sauka a kan talabijin. Na biyu ya bi shi. Sauran takwas suka tashi gaba ɗaya.

"Zagayen gani da ido suke yi! Za su dawo! Kowa ya zauna!"

Babu wanda ya zauna. Kanari suka cika falo, mata suka cika shi da ihu. Wata ta kare kanta da faranti, shinkafar ta bi ta wuyan ta kusa da ita. Wadda ta ja da baya ta jingina da keji, ta taso da layukan zinariya a bayan leshinta. Mai jego ta rungume jariri ta shige ɗaki. Rahama ce kaɗai ta yi abin hankali: ta ruga ta rufe ƙofar falo da Wahabu ya mayar jiya a karkace, ta sa kafaɗa ta danne.

Daidai nan aka kawo wuta.

Fanka, wadda aka bari a kunne tun safe, ta juya sau ɗaya, ta kamo igiyar shanya, ta fara naɗewa. Kujera ta taso da ƙafa ɗaya, da matar da ke kai. Igiya ta ja bokiti, bokiti ya kife, ruwan ya sauko gaba ɗaya a kan Injiniya. Sannan igiyar ta tsinke. Ƙofar ƙarfe ta faɗo cikin kwararonta da wata ƙara da ta sa kowa ya yi shiru, har kanarin.

Wahabu ya share ruwa daga fuska. Ya kama ƙofar ya ɗaga. Ko gezau. Ya sa hannu biyu, ya sa gwiwa, ya yi nishi. Kwararon da ya haɗa a karkace ya cije ta gam. Ya saki, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi gaban rigarsa, duk sun zama zinariya.

"Wannan," in ji shi, "tsarin tsaro ne. Ko ɓarawo ya..."

Aku, wanda shi kaɗai ne idon wayar bai ishe shi fita ba, ya sauko daga sanda a natse, ya taka kafaɗar Wahabu, ya kama kunnen da fensir yake.

Ihun da ya yi ne ya jawo mazan da ke zaune a waje. Suka taru a tagogi, suna leƙe ta tsakanin gilasai. Baba Gariba ya samu wuri a gaba.

"Injiniya! Ka ce wanda aka ba wuri mai kyau ba ya guduwa. Ga shi kuwa, kai ka zauna!"

"Baba, a kira Boukari!"

"Wane Boukari? Mai akwatin kaji?"

Hajiya ta miƙe. Ta kashe fanka da hannunta. Ba ta dubi keji ba, sama take kallo, leɓenta na motsi tana ƙirga. Idonta ya ciko.

"Tsuntsayen Alhaji," ta ce. "Ko ɗaya ya ɓata, Wahabu, da kai da kayanka..."

"Hajiya, ki ba ni minti kaɗan," in ji Rahama. "Iyayena, don Allah kowa ta zauna a ƙasa, a yi shiru."

Suka zauna. Ta jawo kejin kara daga bayan ƙofa, ta jera su a kan kabad da bakin taga, nesa da warin fenti, ta zuba gero a kowanne, ta bar ƙofofin a buɗe. Ta koma gefe tana ɗan fito da baki, yadda ta saba ji Hajiya na yi musu da safe. Ba a daɗe ba na kan talabijin ya sauko ya shige. Wani ya bi. Tana rufewa tana ƙirgawa, mata na tayawa da raɗa. Bakwai. Takwas. Tara.

Tara. Aka duba bayan labule, aka duba ƙarƙashin kujeru. Hajiya ta dafe ƙirji.

Sai wata baƙuwa daga Bantama, mai ɗaurin kai mafi tsawo a ɗakin, ta ce da ƙaramar murya, "Jama'a, kada kowa ya firgita. Wani abu yana tafiya a kaina."

Rahama ta sa hannu biyu cikin ɗaurin a hankali, ta fito da na goma, lafiya lau, har yana ƙoƙarin rera waƙa. Falo ya ɓarke da guɗa. Hajiya ta zauna daɓas, tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta kama hannun Rahama ta danƙa mata.

"Shagon naki ne. Sharaɗi ɗaya: ko ƙusa ce ta fita, kada wancan ya taɓa."

"Na yarda, Hajiya."

"Ai na faɗa miki!" in ji Wahabu daga cikin keji, hannu ɗaya a kunne. "Na ce ranar Lahadi za ta ba ki makulli!"

Boukari bai zo da wuri ba. Ya aiko cewa yana cin abincin suna a waje, kuma ba a tashi daga kan abinci. Kafin ya gama, an fitar da kanari zuwa ɗakin Hajiya, an lanƙwasa wayar hasumiya an zaro aku da tawul, an buɗe ƙofar falo, duk wanda ke lungun ya shigo ya ga Injiniya. Aka yi ta ɗaukar hoto. Wata tsohuwa ta tausaya, ta miƙa masa ƙosai ta idon waya, hannunta da ƙosan suka wuce ba tare da sun taɓa ko'ina ba.

Da la'asar Boukari ya shigo da injin yanka ƙarfe. Ya zagaya kejin sau biyu. Ya durƙusa ya fara. Faifan yanka na farko ya cinye, ya sa na biyu. Na biyun ma ya ƙare, ƙofa ba ta ko girgiza ba. Ya zauna a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ƙura wa ƙulu-ƙulun waldar ido.

"Shekara ashirin ina wannan sana'a," ya ce, "wallahi ban taɓa haɗuwa da haɗin da ya ƙi yankuwa irin wannan ba."

Wahabu ya miƙe tsaye a cikin keji, jiƙe sharkaf, kunne a kumbure. Ya gyara babbar rigarsa, ya leƙo ta idon waya.

"Hajiya, kin ji da kunnenki ko? Boukari, ɗan ɗaga murya ka maimaita. Na waje ba su ji ba."